Hayaƙin Sarkin Japan da Rufin Gidanmu

Da na yi masa ƙarya ran nan a hawa na bakwai, da yanzu yana raye a Kano? Tun da babanku ya rasu nake juya wannan tambaya. Na kai ta gaban malamai biyu, kowannensu ya ce mini kwana idan ya ƙare ya ƙare, ko a Kano ko a China. Na yarda, ban musa ba. Amma duk sanda na idar da salla na shafa, sai in tarar da ita zaune a gefen darduma tana jirana.

Ku biyu nake yi wa wannan magana, kai Abba da ke Hadiza. Kun san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka ni ke faɗa, Rabi matar Alhaji Isufu na Maraɗi tana rubutawa. Na ce mata ko na yi kuka kada ta ajiye biro. Abba, an gaya mini kwanon rufin da Alhaji Isufu da abokansa suka aika yana nan jibge a sito a Kano, ka ce ba za a ɗora shi a gidan ubanka ba, wai ba ka karɓar sadaka daga mutanen da suka cinye maka uba. Ka ji ni zuwa ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga dama.

Kun san kekunan ɗinki da kayan gyaransu ne suka kawo babanku Guangzhou. Ni kuwa cikinsa ne ya kawo ni. Bayan mun aurar da ku, ciwon suga ya kama shi, abincin nan kuma ya ƙi karɓarsa, sai ya ce in zo in riƙa tuƙa masa tuwo. Muka kama ɗaki biyu a hawa na uku, a wani tsohon bene da ke bayan titin Huanshi Lu, unguwar da mutanenmu suka fi sauka. Benen ba shi da lifta, sai matakala. Ban yi wata guda ba ƙamshin miyar kuka ya tona mini asiri. Yau mutum biyu su biyo shi, gobe biyar, har falonmu ya zama wurin cin abinci ba tare da mun shirya ba. Kanawa, Katsinawa, mutanen Maraɗi da Yamai, duk a tabarma ɗaya. Masu zuwa daga gida su ke kawo mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙasan akwati.

A cikin masu cin tuwona akwai mutum ɗaya da ba namu ba. Wani tsoho ne mutumin Japan, kansa fari fat, makanikin kekunan ɗinki da wata masana'anta ta ɗauko yana koya wa yaranta aiki. A babbar kasuwar baje koli ta Pazhou suka haɗu da babanku, suna gardama a kan wata allura, daga nan abota ta ƙullu. Mai Allura muke ce masa. Da tsinke biyu yake cin tuwo, yana yanka loma kamar mai yanka sabulu, sai da babanku ya rantse ba zai ƙara zama kusa da shi ba in bai wanke hannu ya ci kamar mutane ba. Da ɗan Turancinsu na kasuwa suke hira, babanku yana juya mini da Hausa ina daga bakin kicin.

Wata rana bayan azahar ya nuna mana hoton garinsu a waya. Na ga wani tudu kore shar, ruwa ya kewaye shi, siffarsa kamar bakin kwaɗo inda ake zura makulli. Na ɗauka gona ce. Ya ce kabari ne, na mutum ɗaya, kuma yana yaro sai ya gaji tilis kafin ya kewaye shi da ƙafa. Na ce wane irin mai girman kai ne wannan? Babanku ya juya masa, tsohon ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya gyara zama ya ba mu labarin. Ya faɗi sunan sarkin sau uku, bakina ya kasa riƙe shi, har yau Sarkin Hayaƙi nake ce masa.

Ya ce sarki ne na can da, tun kafin a haifi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Yana da ƙane, ubansu kuma ya bar wa ƙanin sarauta. Ƙanin ya ce ba zai hau gaban wansa ba, wan ya ce ba zai saɓa wa maganar uba ba. Shekara uku gadon sarauta ba kowa a kai. Wai har wani masunci ya ɗauko kifin gaisuwa, ya je wurin wannan ya ce kai wa ɗan'uwana shi ne sarki, ya je wurin wancan ya faɗa masa haka, yana ta kai da kawo har kifin ya ruɓe a kansa, ya zauna a hanya yana kuka. Sai da ƙanin ya mutu sannan wan ya hau.

Babanku ya ce, “Ka ji mutane. A wurinmu kafin kifin nan ya bar bakin ruwa an kai ƙara kotu.”

Da ya ɗan jima a sarauta, wata rana ya hau wuri mai tsayi ya dubi ƙasarsa a lokacin da ya kamata a ce tukwane suna kan wuta. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga hayaƙi yana tashi daga gida ko ɗaya ba. Ya sauko ya ce shekara uku ba haraji, ba aikin sarki. Shi ma ya ɗaure cikinsa. Rigarsa ta tsufa bai sake ba, katangar fada ta zube bai tayar ba, rufin ɗakinsa ya huje har ruwa yana jiƙa shimfiɗa. Da shekara ukun ta cika ya sake hawa, ya ga hayaƙi ko'ina, ya sauko yana murna yana gaya wa matarsa ya yi arziki. Ita kuwa ta nuna masa rufin, ta tambaye shi wane irin arziki ne wannan da ake kwana cikin yoyo. Ya ce mata don talakawa aka yi sarki, in sun ƙoshi shi ma ya ƙoshi. Mutane suka roƙa a bar su su gyara fadar, ya hana, sai da aka ƙara wasu shekaru uku. Ranar da ya yarda, ba wanda aka aika wa manzo. Tsofaffi da yara suka fito da itace da ciyawa a ka. Bayan nan ne ya sa aka haƙa hanyar ruwa, aka yi shinge a bakin kogi don ambaliya ta daina cin gonaki.

Na leƙo daga kicin da muciya a hannu na ce, “Alhaji, gaya masa ni dai ina bayan matar. Ita ke shanya shimfiɗa kullum, shi yana can yana ƙirga hayaƙi.”

Daga ranar babanku ya sa mini Sarauniya. Amma bayan baƙon ya tafi na ga ya daɗe yana juya carbi. Can ya ce, “Kin san abin da ya burge ni? Bai tambayi kowa ba. Da ya tambaya, da an ce masa lafiya lau, ranka ya daɗe. Ya san mutum mai mutunci ba ya faɗin yunwarsa, sai ya nemi abin da ba ya iya ƙarya. Mutumin nan bai ga littafi ba, bai ji kiran salla ba, amma dubi abin da Allah Ya sa a zuciyarsa.” Ya riƙa ba kowa labarin nan, har baƙinmu suka fara tsokanarsa, in ya buɗe baki sai su ce, “Alhaji, hayaƙin ne kuma?”

Sai shekarar annoba ta zo. Dama a shekarar muka shirya dawowa gida gaba ɗaya. Ginin Kano ya kai kan linta, rufi kawai ya rage. Kwanon ma an saya, ni na zaɓe shi da kaina, shuɗi, yana sito yana jiran kwantena. Sai aka rufe hanya. Jirage suka tsaya, kasuwanni suka mutu, waɗanda suka zo sarin sati biyu suka maƙale wata da watanni. Ciwon annobar ya kama babanku, aka kwantar da shi kusan kwana ashirin. Ya fito da ransa, amma hancinsa bai dawo ba. Ko albasa na soya a gabansa ba ya jin komai. Tabarmarmu kuma ta koma wayam. Da aka sassauta fita, na zaci mutane za su dawo cin abinci, ba su dawo ba. In ya kira su a waya kowa sai ya ce, “Lafiya lau, Alhaji, muna ɗan girkawa a ɗaki ne, ka san yanayin.”

Abba, a lokacin ne ka yi ta faɗi-tashi har ka samo mana kujera biyu a wani jirgi da zai kwashi mutane ranar Alhamis. Na san wahalar da ka sha, ban manta ba. Na haɗa kaya, na rabar da tukwanena a zuciya. Ranar Litinin da hantsi babanku ya sa hularsa ya ce in ɗauko mayafi.

“Garin nan ba a ganin hayaƙi, kowa da gas yake girki,” in ji shi. “Amma girkinmu ba ya ɓuya a matakala. Ni hancina ya mutu. Ki ara mini naki. Mu hau benayen nan mu yi sallama da mutane. In tukwane suna kan wuta, Alhamis mu tafi.”

“In ba sa kai fa?”

“Mu hau tukuna, Sarauniya.”

Bene uku muka shiga. Ta ƙofar 'yan China ina jin tafarnuwa da man soya, ta ƙofar mutanenmu ba na jin komai, amma ina ce wa raina wataƙila ba su ɗora ba tukuna. Ban ce masa uffan ba, shi ma bai tambaya ba. Na ƙarshe shi ne benenmu, hawa na bakwai, ɗakin Alhaji Isufu. Rabi tana Maraɗi a lokacin. Mijinta da kansa ya ce a rubuta wannan da sunansa, kada a sakaya. Alhaji Isufu babban ɗan kasuwar shayi ne, mutumin da in ya shigo falonmu sai ya ce a ƙara wa kowa nama. Muka ƙwanƙwasa. Ya ɗan jima kafin ya buɗe. Ya fito cikin shadda mai guga, ɗakin yana tashin turaren wuta, ga tsinken sakace a bakinsa.

“A'a, Alhaji! Hajiya! Kun yi rashin sa'a, yanzun nan na tashi daga kan abinci. Da kun zo da wuri da mun taɓa tare.”

Suka gaisa, suka yi barkwanci, babanku ya ce masa Bagobiri ba ya tashi daga kan abinci sai dai abinci ya tashi daga kansa, suka yi dariya, muka yi sallama. Da muka sauko rabin matakala babanku ya tsaya ya dafa bango yana haki. Na ga fuskarsa ta saki. Tsinken nan ya ruɗe shi, ya yarda. Shi ma yana son gida, kada ku taɓa zaton ba ya so.

“Shi dai wannan ya ci,” ya ce. “Ko ba haka ba? Me hanci ya ce?”

Ni kuwa na yi shekara arba'in a bakin murhu. Na san ƙamshin ɗakin da aka yi girki yau, na san na jiya, na san na shekaranjiya. Ƙarƙashin turaren nan babu mai, babu albasa, babu ko ƙaurin shinkafa. Ruwan zafi kawai ake dafawa a ɗakin nan, kuma an kwana biyu ana haka. Kalma ɗaya ce tsakanina da Kano. In ce “an yi girki”, shi ke nan, ba mai ƙaryata ni har abada. Na tuna ɗakina, na tuna ke Hadiza da tsohon cikinki. Na buɗe baki da niyyar in faɗa. Abin da ya fito shi ne:

“Alhaji, ko albasa ba a yanka a ɗakin nan ba. Sauran ɗakunan ma haka.”

Ya zauna a kan matakala ya cire hula ya riƙe. Ni na fara kuka, don na san abin da na yi.

To kun ji. Kuna cewa babanku ya zaɓi bare ya bar ku. Shi ya mayar da kujerun, gaskiya ne, amma ni na ba shi dalili. In akwai fushi, a raba shi biyu a ba ni rabona.

Saura yadda za a ciyar da mutumin da ya sa tsinke a baki don kada a san bai ci ba. In ka aika masa da sunan taimako, zai mayar, kuma ba zai ƙara haɗa ido da kai ba. Babanku ne ya samo dabara. Daddawata ta ƙare tun da jirage suka tsaya, na koma gwada wani baƙin wake da 'yan China ke ruɓarwa, mai sayarwa har ta san ni, da ta hango ni sai ta ce “meyo daddawa”, wato babu, ta miƙo mini nata. Sai babanku ya bi ɗaki-ɗaki da kula a hannu yana cewa:

“Don Allah ku taimake ni. Hajiya tana gwada wata daddawar 'yan China, ni kuma hancina ya mutu, ko guba ta ba ni ba zan sani ba. Ku ɗanɗana ku faɗa mata gaskiya.”

Suka taimake shi. Washegari kula ta dawo a wanke, da saƙo daga hawa na bakwai: gishiri ya yi yawa. Na rage. Aka ce yaji ya yi kaɗan. Fiye da shekara biyu Alhaji Isufu yana gyara mini miya, bai taɓa cewa ta yi daidai ba, don ran da ta yi daidai gwaji ya ƙare. Ya sani, mun sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Rabi ta ajiye biro tana share ido, na ce ta ɗauka.

Kula goma sha takan fita a rana, wani lokaci fiye. Shinkafa ba ta sauka daga sama. Da abin hannunmu ya ja baya, babanku ya sayar da kwanon nan shuɗi. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba. Na ce shi wancan sarki ne, yana da ƙasa, kai me kake da shi ban da ciwon suga? Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ita ma waccan haka ta ce, kuma ba ta tafi ba.” Abba, ina zaune kusa da shi ranar da ka kira, wayar a buɗe take, na ji abin da ka faɗa: “Baba, ruwa yana zuba a ɗakin da ka ce na Umma ne, kai kana can kana ciyar da ƙattin da suka fi ka dukiya.” Bai ba ka amsa ba, ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne. In ya yi maka bayani sai ya ambaci sunaye, a Kano kuwa sunayen nan suna da iyali da surukai. Ya zaɓi ka yi fushi da shi. Da ka daina kira, kullum bayan la'asar sai ya duba wayar ya kife ta.

Ba zan ce duk wanda ya ci ya gode ba. Akwai wanda ya samu hanya ya tafi da kulata, ko sallama babu. Babanku ya ce in bar shi, wataƙila kunya ce. Matakala kuwa ta ci ƙafafunsa. Suka kumbura, wani gyambo ya fito ya ƙi warkewa, daga baya ni kaɗai ke hawa, in na dawo ya ce, “Sarauniya, me hanci ya ce yau?” In ba shi labari ɗaki-ɗaki. Lokacin da hanya ta buɗe sosai, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba. Hadiza, bai taɓa ɗaukar ɗanki ba, sai a waya yake yi masa wasa. Ya so ya je ya ga kabarin sarkin nan, Mai Allura ya yi masa alkawarin zai kewaya da shi, wannan ma bai yiwu ba. A nan aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, mutanen da suka ɗauki makararsa har suna ture juna.

Abba, kai ɗan gidan Hausa ne. Ka taɓa ganin na aika wa maƙwabciya abinci ta dawo mini da kwanon haka nan, in tana da abin sa wa? A shekarun nan kulolina a wanke suke dawowa, wayam, kuma na san yadda hakan yake ƙona waɗannan mutane. Yanzu Allah Ya buɗa musu. Ba wanda ya aika musu manzo. Su suka nemo irin kwanon da na zaɓa, shuɗi, har Alhaji Isufu ya zo da guntunsa yana tambayata ko launin ya yi daidai. Na ce masa ya ɗan yi duhu, don shi ma ya ji yadda ake ji. Wannan ba sadaka ba ce. Kular ubanka ce ta dawo. In ka mayar da ita, ka sake sa musu tsinke a baki. Takarduna na zama a ƙasar nan sun kusa ƙarewa, kafin damina zan dawo, kuma a ƙarƙashin rufin nan nake so in kwanta.

Ranar da ya rasu Juma'a ce, da rana tsaka. Mutane sun dawo gari, Rabi ma ta zo wurin mijinta. Yana kwance a falo, na buɗe masa taga da ƙofa don ya sha iska, tukunyata tana kan wuta. Sai aka yi sallama, aka miƙo kulata daga hawa na bakwai. Na ɗaga na ji ta da nauyi. Na buɗe: dambu ne da zogale, yana tururi. Ya dubi kular, ya dube ni, ya tambaye ni abin da hanci ya ce. Na tsaya a bakin ƙofa na shaƙi matakala. Na ce ana soya albasa a hawa na huɗu, akwai daddawar gaske a na biyar, wani kuma ya bar shinkafarsa tana ƙonewa a sama. Ya yi dariya har da tari. Ya faɗi magana ɗaya, na tashi in yi abin da ya ce. Kicin ɗin taku biyar ne. Kafin in dawo ya tafi, hannunsa a kan murfin kular. Abin da ya ce mini shi ne:

“To Sarauniya, je ki kashe namu murhun ki zo ki zauna. Yau mu za a ciyar.”